Ƙuraje masu ƙaiƙayi da sunayensu

Ƙurajen da ke sa susa ba iri ɗaya ba ne. Kowane da sunansa, kowane da maganinsa. A gidan likita da Faransanci ake rubuta sunan ciwo. Don haka ya kamata ɗan makaranta ya san sunayen cikin harsunan biyu. Ƙaiƙayi shi ne la démangeaison, lokotoro kuma yana ce masa le prurit.

Ƙurajen zufa su ne la bourbouille. Ƙanana ne, suna fitowa da bazara a wuya da baya. Wanka da tufafi marasa nauyi sukan isa su kwantar da su.

Ƙarambau shi ne la varicelle. Yana zuwa da zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa. Yaron da ya kamu yana zama gida sai ƙurajen duk sun bushe. Ba a ba shi asfirin, don tana iya yi masa lahani.

Makero a kai shi ne la teigne. Gashi yana kakkaryewa, wurin ya yi fili a zagaye. Ana ɗaukar sa ta mataji, ko aska, ko hular wani.

Ƙazwa ita ce la gale. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, sunansa le sarcopte. Macen tana haƙa rami cikin fata, ta yi ƙwai. Ƙurajen suna fitowa tsakanin yatsu da wuyan hannu, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Mutum yakan yi mako 4 zuwa 6 da ƙwaron kafin ya fara susa, alhali yana shafa wa na kusa da shi. Shi ya sa duk mutanen gida ke shafa magani rana ɗaya. A wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi, a shanya a rana. In aka yi wa mutum ɗaya kaɗai, ƙazwa za ta dawo.

Susa da ƙumba tana mai da ƙurji gyambo. Kafin a sayi magani a kasuwa, a je gidan likita a ji sunan ciwon.

Tambayoyi
1. Mene ne sunan ƙarambau da Faransanci?
2. Ta yaya ake ɗaukar makero?
3. Don me duk gida ke shafa maganin ƙazwa?