Tuhuma Babu Bayyina: Akawun Sabuwa da Yankewar Remote Desktop

Wani attajiri mai fataucin hatsi da takin zamani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ajiye sabarsa a Funtuwa, ya sa akawunansa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su riƙa shiga ta Remote Desktop suna rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Sai aka wayi gari lissafin akawun Sabuwa kullum a guntule yake zuwa, in an tambaye shi ya rantse cewa yana tsakiyar aiki allon ke ɗauke masa. Maigidan ya kira wani wanda a da tura waƙoƙi a waya yake yi a bakin tasha, yau kuma ya naɗa wa kansa rawanin injiniya, shi kuwa ya goge sabar, ya sake zuba Windows, ya karɓi ladansa, ya ce laifin sabis ne. Da abin ya ƙi dainawa, sai ya sauya fatawa, ya ce ai yaron ne ke cire waya da gangan don ya ɓoye ɓarna. A kan wannan zance aka sallami akawun na Sabuwa, bayan an jefe shi da sata a gaban 'yan dako.

Sabon akawu bai yi nisa ba shi ma allon ya fara ɗauke masa, sannan ne fa aka neme ni. Na buɗe Event Viewer, na shiga rajistar LocalSessionManager, sai ga lamba 40, wato ta yankewar shiga, a jere, kowacce da dalili mai lamba 5, kuma daidai wannan daƙiƙa ga shigar kwamfutar Faskari. Ashe dukkansu ukun da sunan Administrator ɗaya suke shiga, kalmar sirrin ma tana rubuce da biro a jikin kalanda, ta yadda duk ranar da ciniki ya kankama a kasuwar Sheme, na Faskari ya yawaita leƙa lissafi, to na Sabuwa ne ake turowa waje. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, yaron nan gaskiya ya faɗa." Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni nawa ne kuɗin gyara. Alhakin yaron kuwa, wanda na ji ya tafi Kaduna neman abin yi, ba a sake tayar da maganarsa ba.

Haƙiƙa mutanen wannan yanki suna da uzuri in sun zargi sabis, domin a watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tun daga nan kuma kome ya tsaya sai a ce sabis. Amma uzurin ɗan kasuwa bai zama hujja ga wanda ya karɓi kuɗi da sunan sani ba, alhali barin ping yana gudu a gefe ya isa ya raba gardama. Jahilci murakkabi ke nan.

Kada a goge saba kafin a karanta rajista, domin wanda ya goge ta ya ƙona shaida. Kowane akawu a ba shi sunan shigarsa. Windows Server mutum biyu kacal yake bari babu lasisi, in an kunna RDS, wato Remote Desktop na mutane da yawa, kuwa rangwamen kwana 120 ne, bayansa ƙofa ta rufe, ko Alhaji ya so ko ya ƙi. A duba iyakar lokaci a Group Policy, a gwada kashe UDP inda layi ke rawa, a leƙa batirin inbata. Na sake faɗa, kada a raba suna ɗaya ga mutum uku don tsimin kuɗin lasisi.

Wani abin da ya ƙara ɓata mini rai, injiniyan tashan ya bar ƙofa ta 3389 a wangale ga intanet, har rajistar tsaro ta cika da lamba 4625, baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suna ta gwada kalmar sirri dare da rana, a kan Server 2012 R2 da Microsoft ya daina yi wa gyara tun Oktoba 2023. Na rufe ta, na sa VPN, na kuma gaya wa Alhaji ƙarara cewa ranar da aka sake buɗe ta, ya nemi wani ba ni ba.