Tsoro Ya Hana Ni Barci a Gadarif

*Ni Kirista ce, na tashi cikin Hausawan Wad Madani a Sudan, shi ya sa na rubuto miki da harshen da na fi sakewa da shi. Mun gudo Gadarif da 'ya'yana uku a Disambar 2023, lokacin da dakarun RSF suka shiga garinmu. Maigidana ya ce mu yi gaba zai biyo mu, har yau shiru. Da rana ina daurewa saboda yara, da dare kuwa idona biyu har asuba. Ina zuwa sujada ranar Lahadi, amma a baya nake zama, ana tashi in sulale. Wata ta ce mini da bangaskiyata ta cika da ban ji tsoro ba. Zunubi nake yi ne? Me zan yi?*

'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya riƙe ki. Maganar waccan baiwar Allah zan fara kawarwa, domin ta ɗora miki kaya a kan kaya. Ba zunubi kike yi ba. Buɗe 1 Sarakuna sura 19 ki ga annabi Iliya: barazanar Yezebel ta sa ya gudu jeji, ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, sai daga baya aka yi magana. A Getsamani ma, da baƙin ciki ya yi wa Ubangijinmu Yesu nauyi, ya ɗauki Bitrus da Yaƙub da Yohanna, ya faɗa musu halin da yake ciki, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In shi ya nemi mutum uku a daren wahalarsa, ke ma neman mutane ba gazawa ba ce.

Don haka abu na farko, ki samo naki mutum biyu ko uku. Ikilisiya gaba ɗaya ta yi yawa ga mai jin nauyin baki. Ki duba cikin matan da kike gani kowace Lahadi, ki zaɓi dattijuwa ɗaya da ba ta da yawan surutu, da wata sa'arki da ita ma gudun hijira ya kawo ta. Ba za ki sha wuyar samun irinki ba. Gadarif ta karɓi 'yan Tigray daga Habasha tun Nuwambar 2020, aka zaunar da su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, kuma akasarinsu Kiristoci ne. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mutanen Khartum suka kwararo, ku na Madani kuka biyo, na Sinja suka iso a tsakiyar 2024. A majami'un garin akwai Kibɗawa da Habashawa da 'yan Iritiriya da mutanen duwatsun Nuba da na Sudan ta Kudu, kuma da wuya ki zauna kusa da matar da ba ta bar wani a baya ba.

In kin same su, ki faɗi buƙatarki da sunanta. Mu mata mun saba da cewa "a dai taya mu da addu'a", mu yi shiru a kan sauran. Addu'a ce gaba da komai, amma wadda ba ta san dawarki ta ƙare ba, ba za ta auno miki ba. Ki ce: kuɗin haya ya gagare ni wannan watan. Ki ce: ina so wata ta kwana a ɗakina ranar Laraba. Ki ce: ban iya cike takardar nan ba. Kuma in an raba taimako an tsallake ki, ki je wurin fasto ko dattawan ikilisiya ki faɗa cikin ladabi. Wannan ba rashin kunya ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi ƙorafi cewa ana manta gwaurayen matansu wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su ce musu su yi haƙuri kawai ba, sun sa aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanus, suka riƙe aikin. Ina so dattawan da ke karanta wannan shafi su lura da wannan. Majami'ar da ta tara harsuna da yawa, in ba ta da littafin da aka rubuta sunan kowane baƙo da inda yake kwana da yawan yaransa, to masu baki ne za su riƙa samu, masu kunya su koma da yunwa.

Yanzu ga abin da ke hana ki barci. Na lura tsoron dare yakan zo a dunƙule, shi ya sa yake fin ƙarfin mutum. Ki samu takarda da rana tsaka, ki warware shi ɗaya bayan ɗaya, ki raba gida biyu: wanda hannunki zai iya taɓawa, da wanda ba ki da iko a kansa.

A gida na farko akwai ciwon yara, kuma a Gadarif wannan tsoro yana da dalili. An ayyana ɓarkewar kwalara a jihar a Satumbar 2023, ta sake dawowa a 2024, ga zazzaɓin denge da na cizon sauro da damina. Ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa maganin kulorin, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan ban-ɗaki. In gudawa mai ruwa-ruwa ta kama yaro, ki haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana sha kuna tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye. Akwai kuma kala-azar, ciwon da ya daɗe a ƙauyukan jihar, wanda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa da cizo. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da rama da kumburin ciki ta wajen saifa, a je a yi gwaji. Yana da magani, amma in aka bar shi yana kisa. Duk wanda ya ce ki bar asibiti ki dogara ga man shafawa ko ruwan da ya yi wa addu'a, musamman in da kuɗi a maganar, ki guje shi. A yi addu'a a kan yaron, a kuma kai shi wurin likita, ba su saɓa wa juna.

Neman maigidanki ma akwai ɓangaren da hannunki zai taɓa. Ƙungiyar Red Crescent ta Sudan da kwamitin Red Cross na duniya suna da sashen haɗa iyalan da yaƙi ya raba, kuma ba a biyan ko sisi. Ki tafi da cikakken sunansa har kakanni kamar yadda yake a takardunsa, da hotonsa, da ranar da kuka rabu, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. Ki bar lambar waya biyu, taki da ta wani dattijon ikilisiya. In wani ya kira ya ce mijinki yana hannunsa a tura kuɗi ta manhajar Bankak, kada ki tura komai a ranar, kuma kada ki yanke shawara ke kaɗai. Ki nemi a haɗa ki da shi ki ji muryarsa, ko a tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, sannan ki kai maganar gaban dattawa. Mayaudara sun san zuciyar mai jira tana da saurin amincewa.

Gida na biyu shi ne na addu'a: ko yana raye, yaushe yaƙin zai ƙare, me zai zama na yaran nan. Ki tsayar da lokaci guda kullum, bayan cin abincin dare ya fi, ku zauna da yara ku karanta Zabura ɗaya, ku ambaci sunan babansu, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tsoro da abu ɗaya da yake godiya a kansa. Zabura 13 da 42 da 121 sun dace da irin wannan zama. Biyun farko kuka ne na wanda ya gaji da jira, kuma Allah ya yarda aka ajiye su cikin Littafinsa, don haka ba sai kin yi masa ƙaryar cewa lafiya kike ba. Bayan addu'ar ki kashe waya. Hotunan gawawwaki da jita-jitar WhatsApp da tsakar dare ba su taɓa ceton kowa ba, labarin da ke da muhimmanci zai same ki da safe. Yaran kuma kada ki ce musu baba ya yi tafiya. Ki ce ba mu san inda yake ba, muna nemansa, muna roƙon Allah. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya in babba yana riƙe da hannunsa.

In duk da haka makonni suka wuce ba barci, abinci ba ya shiga, ko tunanin raba kanki da duniya ya fara zuwa, ki faɗa wa ɗaya daga cikin matan nan a ranar, ta raka ki wurin ma'aikacin lafiya. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ana kuma samun sauƙinsa.

Ki nemi aiki a cikin jama'a, ko da ƙarami ne. Mai karɓa kullum zuciyarta takan karaya. In akwai takiyya a unguwarku, wato wurin da 'yan sa-kai ke dafa abinci a raba wa kowa, ki je ki tsince wake ko ki wanke tukunya. A majami'a ki karɓi ajin yara ko shara. In kaka ta yi, aikin riɗi da dawa yana samuwa a gonakin jihar, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku kafa ɗan adashe, ku ware wani abu na ciwo. Hausarki ma jari ce. Hausawan Gadarif jikokin mutanen da suka bar ƙasarsu ne a kan hanyar Makka, sun san baƙunta tun daga kakanni. Ki gaida maƙwabtanki Musulmi, ki je musu barka da ta'aziyya, ki aika musu da abinci ranar Kirsimeti kamar yadda za su aiko miki da Sallah. In yaro ya suma da tsakar dare, ƙofar da ta fi kusa za ki buga, ba ta fasto ba.

Na san komawa gida tana ranki tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025. Kada ki kwashi yara a tafiyar farko. Wani babba ya fara zuwa ya duba gidan da ruwa da asibiti da makaranta, ya kuma ji ko majami'arku ta buɗe. A gargaɗi yara kada su taɓa wani ƙarfe ko harsashi da suka gani a ƙasa, domin abubuwan da ba su fashe ba suna nan a wuraren da aka yi faɗa. In tafiyar ta tabbata, ki karɓi wasiƙa daga fastonki na Gadarif zuwa ga na can, ki sanar da ofishin da kika kai cigiyar maigidanki sabon wurin zamanki, ki kuma rubuta lambobin matan nan a takarda ki sa cikin Littafinki Mai Tsarki, saboda waya tana ɓata a hanya.