Iyo a Gindin Duwatsun Nusa Penida: Haɗarin Yana Cikin Motsin Ruwa

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Malesiya ya aiko da tambaya: zai je hutu tsibirin Bali na Indonesiya, abokansa kuma sun ce sai an tsallaka Nusa Penida an yi iyon kallon kifi a gindin dutse. Ya ce ya iya ruwa tun yana yaro, a dam ɗin Tiga ya koya. Shin akwai abin tsoro?

Akwai, ɗan'uwa. Iyon da ka koya zai taimake ka, ruwan gishiri ma ya fi ruwan dam ɗaga mutum sama. Sai dai ruwan dam a kwance yake, teku kuwa ba ta tsayawa.

Daga Sanur da ke Bali jirgin ruwa mai gudu zai kai ka tsibirin Nusa Penida cikin kusan minti 45. Kudancinsa dogayen duwatsu ne da suka miƙe tsaye, suna fuskantar Tekun Indiya. Igiyar ruwa tana tahowa daga nesa, ta daki dutsen, ta dawo baya ta yi karo da wadda ke biye da ita. Wanda ya matsa kusa, ruwan zai tura shi gaba ya janyo shi baya kamar ana rairayar tsaki a faifai, ga duwatsun da kaifi. Ta gabas kuma akwai mashigin Lombok, inda ruwan Tekun Fasifik ke kwararowa zuwa Tekun Indiya. Shi ke haddasa jan ruwa mai ƙarfi a kewayen tsibirin.

Saboda haka ka fara da duba kwanan wata. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar teku da janyewarta sun fi ƙarfi, jan ruwa ma haka. Ka fita da sassafe kafin iska ta taso. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwan yakan yi sanyi sosai, ka nemi rigar roba ta iyo.

Kafin ranar, ka gwada tabaraun ruwa da bututun numfashi a wurin da ƙafarka ke taɓa ƙasa. Ka saba shaƙar iska ta baki a hankali. In ruwa ya shiga bututun, hura shi waje da ƙarfi. Yawancin masu firgita a nan suke firgita, su kwankwaɗi ruwan gishiri.

Ka sa rigar ceto ko da abokai za su yi maka dariya. Ka zaɓi jirgin da jagoransa ke shiga ruwa tare da ku, kada ka yi nisa da shi. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Kwanta a bayanka, ɗaga hannu, jirgi zai zo.

A wurin da ake kira Manta Point za ka iya ganin kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, yana shawagi a ƙarƙashinka. Kada ka taɓa shi, kada ka bi shi. Tun 2014 Indonesiya ta haramta kama shi.

In kun isa ka ga jirgi yana tangaɗi, kumfa fari fat a gindin dutse, ko cikinka ya fara juyawa, yi zamanka a jirgi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ko da ka riga ka biya kuɗin.