Magatakardan Littafin Halitta: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

1. Asalin aikin

Kowane mai rai yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ya gada daga iyayensa. Da haruffa huɗu kaɗai aka tsara shi, watau A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai haruffa wajen miliyan 3,000. An soma karanta shi a 1990, aka ba da sanarwar kammalawa a 2003. Ba mai iya bin wannan da ido, sai da kwamfuta. Sana'ar masu yin haka ita ce ilmin lissafin halitta. Aikinsu ya yi kama da na magatakardan gunduma a zamanin En'e: adana rajista, gwama ta bana da ta bara, da gano inda aka sami bambanci. Waɗansunsu kuma sukan lissafa yadda sassan ƙwaya ke aiki tare, gama sanin sunayen mutanen gari ba shi ne sanin zaman garin ba.

2. Amfaninsa

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali, tun da wajen rubu'in masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke. A 2002 aka karanta rubutun ƙwayar da ke haddasa shi, haruffa wajen miliyan 23. A 2014, ta hanyar gwama rubuce-rubuce, masana suka gano wurin da ya sāke a ƙwayoyin ƙasar Kambodiya, har suka soma jure wa maganin artemisinin. Da aka san alamar, sai aka yi ta dubanta a Afirka, aka kuwa ba da labarin ɓullar irinta a Ruwanda a 2020. Ƙasar da ba ta da masu wannan ilmi, sai magani ya daina ci kafin ta farga.

3. Hanyar shiga

Yaro ko yarinya mai son wannan aiki lalle ne ya ƙware a lissafi da ilmin halitta tun daga sakandare. Digiri na farko yakan ci shekara 4, na biyu shekara 1 ko 2, na dakta shekara 3 zuwa 5. Bayan haka yawanci sai ya yi waɗansu shekaru ƙarƙashin babban malami, a kan yarjejeniya ta ɗan lokaci, kafin ya sami kujera a jami'a. Ba albashi ake auna shi da shi ba, sai abin da ya gano ya wallafa, tsaransa suka bincika suka yarda.

4. Abin da ake bukata ga hakimai

Tsawon wannan hanya shi ke sa iyaye su gaji, su janye ɗansu don ya kama aiki. Wajibi ne hakimi ya fahimtar da su cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ya kuma taimaka wajen neman tallafin karatu. Magatakarda kuwa su kula da rajistar haihuwa da mutuwa da ɓarkewar cuta, da suna da rana da wuri daidai, gama lissafin da aka ɗora a kan rajista maras kyau ba ya haifar da gaskiya.

Allah ya sa a dace.