Sabo da Riba: Nazarin Tasirin Bunƙasar Kamfanin Jiragen Ruwa na Carnival a Kan Fasinjojinsa na Dindindin

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda bunƙasar kamfanin Carnival, wanda ke safarar masu yawon shaƙatawa a teku daga tashoshin Amurka, ta kai shi ga sauya ƙa'idojin karrama fasinjojin da suka daɗe suna hulɗa da shi. An ɗora nazarin a kan ra'in Hirschman (1970) na ficewa da koke da riƙon zumunci, tare da tunanin Hirsch (1976) game da kayan fifiko. An dogara da sanarwar kamfanin da rahotannin da suka biyo bayanta. Maƙalar ta gano cewa tsohon tsarin ya ɗauko sanadin rushewarsa tun daga tushe, domin ya yi alkawarin fifiko na har abada ga jama'ar da adadinta ba ya raguwa. Ta kuma nuna cewa sabon tsarin ya sauya ma'anar daɗewa, daga yawan kwanaki zuwa yawan kuɗi.

Fitilun Kalmomi: Carnival, sabo, abokin ciniki, fifiko, koke

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 2025 kamfanin Carnival ya sanar da cewa zai soke tsarinsa na karrama fasinjoji mai suna VIFP Club, wanda ya fara aiki a 2012, ya maye gurbinsa da wani mai suna Carnival Rewards a cikin 2026. Ga wanda bai san harkar ba, wannan ƙaramin labarin kasuwanci ne. Amma ga dubban mutanen da suka shafe shekaru goma ko ashirin suna tara kwanaki a jiragen kamfanin, sanarwar ta taɓa abin da suka ɗauka a matsayin haƙƙin da suka riga suka mallaka. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me ya sa kamfanin da ke ƙara girma ya ga dole ya rage wa mutanen da suka taimaka masa ya girma?

Akwai matsalar kalma da ya kamata a fara warwarewa. Abin da masana kasuwanci na Turai ke nufi idan suna maganar fasinja mai komawa kamfani ɗaya kullum, sau da yawa akan fassara shi da biyayya. Wannan fassara ba ta zauna daidai ba, domin biyayya tana tafiya ne daga na ƙasa zuwa na sama, alhali mai saye ba bara ba ne. Amana kuwa ta yi nauyi. Kalmar da ta fi kusa ita ce sabo, saboda tana ɗauke da fuskoki biyu: akwai shaƙuwa a cikinta, akwai kuma ɗauri, kamar yadda karin maganar nan ta nuna cewa sabo turken wawa ne. Da wannan ma'ana mai baki biyu za a yi amfani da kalmar a nan.

2.0 Daga Jirgi Ɗaya Zuwa Garuruwa Masu Iyo

Ted Arison ne ya kafa Carnival a 1972 a birnin Miami da tsohon jirgi guda ɗaya, Empress of Canada, wanda aka sauya wa suna zuwa Mardi Gras. A tafiyarsa ta farko ma sai da ya kafe a kan yashi a bakin tashar. Girmansa bai wuce tan dubu 27 da 'yan kai ba, a ma'aunin da ke auna faɗin cikin jirgi. A 1996 kamfanin ya ƙaddamar da Carnival Destiny, jirgin fasinja na farko da ya haura tan 100,000. Sabon Mardi Gras da ya fara aiki a 2021 ya kai kimanin tan 180,000, yana kuma iya ɗaukar fasinjoji sama da 6,000. A 2024 an ba kamfanin Fincantieri na Italiya kwangilar ƙera wasu jirage uku masu kimanin tan 230,000, waɗanda kowannensu zai ɗauki kusan mutum 8,000, za a kuma karɓe su a 2029 da 2031 da 2033.

Tsakanin waɗannan shekaru akwai wani rami mai zurfi. Annobar korona ta tsayar da jiragen daga Maris 2020, ba su koma aiki daga tashoshin Amurka ba sai Yulin 2021. Uwar kamfanin, Carnival Corporation, ta fito daga wannan zama da bashin da ya haura dala biliyan 30. A cikin 2020 aka tura wasu daga tsofaffin ƙananan jirage, irin su Fantasy da Inspiration da Imagination, zuwa Aliaga ta Turkiyya aka farfasa su. Waɗannan su ne jiragen da da yawa daga tsofaffin fasinjoji suka fara tafiya a cikinsu. Bayan haka sai ƙananan sauye-sauye suka riƙa biyo juna: a 2023 kuɗin ihsanin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja a kullum ya koma dala 16 a ɗakunan gama-gari, an kuma fara cajin kuɗi a kan wasu abubuwan ci da a da suke cikin kuɗin tikiti. Mai bashi irin wannan dole ya riƙa duban kowane fasinja da idon lissafi.

3.0 Tsohon Tsari da Cutar da Ke Cikinsa

Tsarin VIFP mai sauƙin fahimta ne. Kowane kwana ɗaya a jirgi maki ɗaya ne. Matakan biyar ne: Blue ga mai tafiyar farko, Red daga tafiya ta biyu, Gold daga kwana 25, Platinum daga kwana 75, sai Diamond daga kwana 200. Launin katin da fasinja ke buɗe ɗakinsa da shi, yake kuma sayayya da shi, yana bin matakinsa, don haka kowa na ganin matsayin kowa. Maki ba ya mutuwa, mataki ba ya komawa baya. Mai yin tafiyar mako guda sau biyu a shekara zai kai Platinum a shekara ta shida, amma Diamond sai ya yi tafiya 29, wato fiye da shekara 14.

Abin lura shi ne tsarin bai tambayi nawa mutum ya biya ba. Wanda ya kwana a ɗakin ciki marar taga da wanda ya kama babban ɗaki mai baranda maki ɗaya suke samu. Wannan ya dace da irin mutanen da Carnival ya gina kansa a kansu: ma'aikata masu matsakaicin samu, da 'yan fansho da ke tuƙa mota zuwa tashar Galveston ko New Orleans ko Baltimore su shiga jirgi a lokacin da farashi ya faɗi.

Ladan da ake ba manyan matakai iri biyu ne, kuma bambance su shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya faru. Iri na farko kaya ne da za a iya ƙara yawansu: wankin tufafi kyauta, 'yar tsaraba mai tambarin kamfani, liyafar cin abinci. Wannan ya yi kama da gyara da mai awo ke ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa, kuma idan masu karɓa sun yi yawa, kuɗi kawai zai ƙara ci. Iri na biyu kuwa fifiko ne: shiga jirgi kafin kowa, fita kafin kowa, layi na musamman a teburin kula da baƙi, da fara hawa ƙananan kwale-kwalen da ke kai mutane gaɓa a inda babban jirgi ba ya iya matsawa. Irin wannan ne Hirsch (1976) ya bayyana a matsayin kayan da darajarsu ta dogara da rashinsu a hannun wasu. Ba a iya sayo ƙarin sahun gaba. Idan rabin jirgi na da izinin shiga da farko, to babu wanda ya shiga da farko.

Lissafin a fili yake. Ƙofar shiga manyan matakai a buɗe take, ta fita kuwa babu ita sai mutuwa ko daina tafiya. Duk jirgin da aka ƙara, duk gadon da aka cika, yana ƙara gudun masu hawowa. Kamfanin da kansa ya kafa hujja da cewa adadin masu Platinum da Diamond ya ninka a 'yan shekarun bayan annoba. Alamar ta bayyana tun kafin sanarwar, domin a wasu dogayen tafiye-tafiye, irin na ƙetare Tekun Atlantika inda tsofaffin hannu ke taruwa, kamfanin ya sha aika wa masu Platinum takarda cewa ba zai iya ba su fifikon shiga da fita ba saboda yawansu. Sai dai akwai wani ɓangare na cunkoson da kamfanin ne ya jawo shi da hannunsa: ya daɗe yana sayar da wani kunshi mai suna Faster to the Fun, wanda ke ba duk mai biya irin fifikon da wasu suka yi shekaru suna tarawa. Wanda ke sayar da gurbi a sahun gaba, kukansa na cewa sahun ya cika yana da rauni.

4.0 Sabon Ma'auni

A sabon tsarin, kuɗin da fasinja ya kashe shi ke ba shi abin da aka kira taurari, uku a kan kowace dala. Gold na buƙatar taurari 10,000, Platinum 50,000, Diamond 100,000, kuma a cikin shekara biyu za a tara su. Idan wa'adin ya cika sai a sake lissafi. Ma'ana, riƙe Diamond na buƙatar kashe sama da dala 33,000 a shekara biyu, Platinum kuwa kusan dala 16,700. Caca a gidan cacar jirgi da sayayya da katin bashi mai tambarin kamfanin su ma suna kawo taurari. Ba Carnival ne ya ƙago wannan hanya ba. Kamfanonin jiragen sama na Amurka, waɗanda suka yaɗa irin wannan tsari tun daga AAdvantage a 1981, sun riga sun koma auna kuɗi maimakon nisan tafiya.

Adalci ya sa a faɗi cewa sabon tsarin na da masu cin moriyarsa. Iyalin da ke tafiya sau ɗaya a shekara amma suna kashe kuɗi mai yawa, a da sai su yi shekara goma ba su kai Platinum ba. Yanzu za su hau da wuri, za su kuma sami maki da za su iya biyan wasu hidimomi da shi. Wanda ya yi asara shi ne mai yawan kwana da ƙarancin kashewa. A ganin wannan maƙala, a nan ne sauyin ya wuce gyaran cunkoso. Da cunkoso kaɗai ne damuwar, ana iya ɗaga adadin kwanakin, ko a ƙara mataki na shida a sama. Zaɓen kuɗi a matsayin ma'auni amsa ce ga wata tambaya dabam, wato wane fasinja ne ya fi riba, kuma kamfanin da ke biyan bashin biliyoyi yana da dalilin yin ta.

Ta fuskar doka, fasinja ba shi da tudun dafawa mai ƙarfi. Irin waɗannan tsare-tsare suna zuwa da sharaɗin cewa kamfani na iya sauya su. Tun a 1991, a shari'ar Carnival da Shute, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da sharaɗin da aka buga a jikin tikiti cewa a Florida kaɗai za a iya kai ƙarar kamfanin, duk da cewa fasinjan bai yi ciniki a kan sharaɗin ba. Abin da ke tsakanin kamfanin da tsofaffin fasinjojinsa ya fi kama da alkawarin da aka fahimta ba tare da an rubuta ba, kuma irinsa ba kotu ake kai shi ba.

5.0 Ficewa ko Koke

Hirschman (1970) ya nuna cewa idan ingancin abu ya faɗi, abokin ciniki na da hanya biyu: ya tafi wani wuri, ko ya ɗaga murya. Riƙon zumunci shi ke jinkirta tafiyar, ya ƙarfafa muryar. Hanyar ficewa a nan tana da ƙofa, domin kamfanin MSC yana karɓar matakin da mutum ya samu a wani kamfani ya ba shi makamancinsa, Royal Caribbean kuma yana nan a kan lissafin kwanaki. Amma turken sabo ba ya tsinkewa da sauƙi. Wanda ya koma kamfanin da ba ya karɓar matakin waje zai fara daga sifili yana da shekara sittin ko saba'in. Wanda tashar garinsu ba ta da jirgin kowa sai na Carnival zai ƙara kuɗin jirgin sama da na masauki. Ga kuma abokan tafiya da ma'aikatan da aka san su da suna.

Saboda haka murya ce ta yi aiki. Koke ya cika shafukan kamfanin, musamman shafin Facebook na jakadansa John Heald, wanda ya shafe shekaru yana amsa tambayoyin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya. Wannan hanya da kamfanin ya gina domin ƙulla shaƙuwa ita ce ta zama hanyar da fushin ya bi ya iso gare shi. A sanarwar farko, an ce masu Diamond za su riƙe matsayinsu na shekara shida, sauran kuma shekara biyu. Kafin ƙarshen 2025 kamfanin ya sassauta: duk wanda ya kai Diamond kafin sabon tsari ya fara zai riƙe shi har abada, masu Platinum kuma za a riƙa ba su ƙarin taurari a farkon kowane zango. Haka Delta ya yi a 2023, lokacin da ya tsaurara ƙa'idojinsa a watan Satumba, ya janye wani ɓangare bayan 'yan makonni.

Sassaucin bai taɓa ginshiƙin sabon tsarin ba. Abin da ya yi shi ne mayar da tsofaffin masu Diamond rukuni rufaffe, wanda shekaru za su riƙa rage shi da kansu, ba tare da kamfanin ya kori kowa ba. Masu murya mafi ƙarfi sun samu abin da suka nema, kuma da samunsa ƙarfin koken ya ragu. Wanda aka bari a tsakiya shi ne mai kwana 150 ko 170, wanda ya yi aƙalla kashi uku cikin huɗu na tafiyar bisa tsohuwar ƙa'ida. Zaɓinsa biyu ne: ya cike ragowar kwanakin kafin a rufe ƙofa, abin da ke nufin sayen tikiti biyar ko takwas a ƙurarren lokaci daga kamfanin da yake fushi da shi, ko kuma ya bar kwanakin da ya tara su tsaya a inda suke.