Ku Raka Iyayenku Ajin Manya

'Ya'yana na Boɗinga da Shagari, wata magana nake so ku riƙe mini game da iyayenku da Turanci.

Karatun manya ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa yana karantar da masu furfura, Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga, daga baya Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna koya wa matan aure addini a cikin gidajensu. Shehu Shagari ma, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne. Saboda haka kada na ji kun kira dattijon da ke karanta ajami jahili. Abin da ya same shi shi ne takardun da ke juya rayuwarsa yau da Turanci suke zuwa.

Ku dubi saƙon da ke shigowa wayarsa, wai daga banki, ana neman lambar BVN da lambar sirrin katinsa. Bai iya karantawa ba, sai ya miƙa wa wanda ya samu a bakin kasuwa. Shi ke nan sirri ya fita, kuɗin albasa ya bi. Ku dubi kwalbar maganin feshi: yawan da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin girbi, da ranar lalacewa, duk suna nan a jiki da ƙananan haruffa. Haka takardar gona, haka bayanin da ake sa mutum ya dangwala wa yatsa a ofishin 'yan sanda. Ni a ganina tsaron ƙasa daga nan yake farawa, tun kafin a kai ga bindiga. Wanda ya san abin da ya sa wa hannu ba ya tsoron hukuma, kuma wanda ba ya tsoronta shi ke kai mata labarin baƙuwar fuska a daji.

Ba na cewa a fara da Turanci. Masu Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da Hausa suka fara, kuma sun yi daidai. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshensa, Turancin fom da rasit ba zai gagare shi ba. Ba nahawu yake nema ba.

Tun 1990 akwai hukumar ilimin manya ta ƙasa, jiharmu ma tana da tata. Ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku tambayi inda ajin yake, da lokacin da mata ke zama. In babu, ku da kuka gama sakandare ku shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar. Ku fara da sunan dattijon, sannan saƙonnin da ke cikin wayarsa. In ya karya kalma, ku haɗiye dariyarku, don dattijo in an yi masa dariya gaban yara, gobe ba ya dawowa.