Yadda Saiwar Shuka Ke Kare Kanta Daga Ƙarafa Masu Guba

Gabatarwa

Manoman rani na Mubi, musamman masu lambu a gaɓar Kogin Yedzaram, ya kamata ku san cewa ƙasar noma kan gurɓace da wasu ƙarafa masu guba, kamar dalma da kadmiyom. Sukan shiga gona ta hanyar takin juji mai ɗauke da matattun batura, ko ruwan kwata, ko baƙin mai daga garejin makanikai. Ba sa ruɓewa, don haka sukan daɗe a ƙasa shekara da shekaru. Gubar dalma ce ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010.

Matakan Kariya Guda Uku

Idan waɗannan ƙarafa suka yi yawa, saiwa takan daina tsawo, ta yi baƙi, ganye ya yi ɗorawa. Amma shuka tana sarrafa wasu sinadarai a jikinta domin kare kanta.

1. A wajen saiwa. Bakin saiwa yakan tsatso da ruwa mai tsami, irin tsamin da ke cikin lemun tsami. Wannan ruwa yakan kama wani kaso na ƙarfen ya rage masa dafi.

2. A bangon ƙwayoyin saiwa. Akwai wani sinadari mai danƙo da ke riƙe dalma. Shi ya sa yawancin dalmar da shuka ta sha takan tsaya a saiwa.

3. A cikin ƙwayoyin. Idan kadmiyom ya kutsa ciki, shuka takan haɗa sinadarin fitokelatin, wanda masana a Jamus suka bayyana a 1985. Shi ke ɗaure gubar ya kai ta wani ɗan rumbu a cikin ƙwayar, ya kulle. Shuka ba ta iya haɗa shi sai da farar wuta.

Abin Lura

Wannan kariya ta shuka ce, ba ta mai ci ba. Gubar da aka kulle tana nan daram. Saboda haka alayyafo ko salak na iya yin kore shar alhali kadmiyom ya taru a ganyensa, haka kuma karas na iya ɗaukar dalma a ɓawonsa. Kyawun shuka ba shaida ba ne cewa ƙasar ba ta da guba.

Shawarwari

1. Ku tsince batura, gwangwanayen fenti da tarkacen rediyo daga takin juji kafin ku kai gona.

2. Kada ku yi ban-ruwa da ruwan kwata ko wanda ya biyo ta gareji.

3. Ku yawaita ruɓaɓɓen takin dabbobi, domin yana riƙe ƙarafan a ƙasa.

4. Ƙasa mai tsami tana sakin kadmiyom da sauƙi. A zuba mata farar ƙasa bisa shawarar malamin gona.

5. Takin supa yana ɗauke da farar wuta. A sa shi daidai ƙa'ida, kada a zarce.

6. A wanke ganye sosai, a kuma fere karas kafin a ci.

Malaman gona kuwa, duk fegin da ke kusa da juji, gareji ko magudanar ruwan gari, ku ɗebi samfurin ƙasa da na ruwa a kai ɗakin gwaji kafin a shuka kayan miya. Idan gwaji ya nuna guba ta yi yawa, a daina noman abinci a wurin, a dasa itatuwa.